Ra'ayinmu: Kuɗi sun isa Galma, amma tsoho ya ci abinci?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar wani ofishin aika kuɗi a Madawa ko Buza ranar kasuwa ya san irin layin da ake yi. Mata da goyo, samari a kan babura, dattawa riƙe da 'yar takarda mai lambobi, kowa na jiran saƙon da wani ya turo ta Nita ko Amana ko Al Izza. Kuɗin na fitowa daga Abijan da Legas da Kano da Yamai, wasu daga Libiya da Aljeriya. Da yamma a buga wa mai aikowa waya a ce saƙo ya iso, Allah Ya yi albarka. Shi kuma ya kwanta da sanyin zuciya, ya sauke nauyin wannan wata.

Wannan jarida na jinjina wa waɗannan matasa. Ba don guminsu ba, da gidaje da yawa a jihar Tawa sun daɗe da watsewa. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi a cikin wannan waya ba: me Baba ya ci yau, da wane lokaci, kuma shi da wa? Muna ganin lokaci ya yi da za a fara yin ta, domin a ƙauyukan Galma Kudawace da maƙwabtanta kuɗi kan shiga gida amma akushin tsoho ya zo a makare, ko ya zo da abin da haƙoransa ba za su iya ba, ko ya zo ya tarar da shi zaune shi kaɗai.

Galma Kudawace na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Madawa, tare da Madawa da Azarori da Bangi da Urno da Sabon Gida. Ita da ƙasashen Buza da Keita da ke arewa suna cikin yankin da ya fi ko'ina suna wajen tafiya bida a Nijar. Da an gama girbi maza ke ɗaukar jaka, wasu su dawo da faɗuwar ruwan farko, wasu sai bayan shekaru. Waɗanda ake bari a gida su ne mata da yara da tsofaffi.

Idan ana maganar ritaya a irin wannan wuri, ya kamata mu san wa muke nufi. Akwai tsohon malamin makaranta ko tsohon soja ko ma'aikacin lafiya da ya koma garinsu yana karɓar fansho daga CARENI, da wanda ya yi aiki a kamfani yake karɓa daga CNSS. Waɗannan 'yan tsiraru ne. Mafi yawan tsofaffinmu ritayarsu ba ta da takarda. Manomi ne da wata damina ya ji bayansa ya ƙi, ya miƙa wa 'ya'yansa hauya. Ko ɗan bida ne da ya yi shekara 30 yana dako ko gadi ko sayar da shayi a bakin teku, ya dawo da akwati da ciwon gwiwa, babu wani asusu da ke ɗauke da sunansa. Ko tsohuwa ce da hannunta ya daina ɗaga taɓarya. Fanshon irin waɗannan mutane shi ne ƙwaryar da ake miƙo musu safe da rana da dare. Idan ta tsaya, komai ya tsaya.

A tsarin da muka tashi muka tarar, cin abincin tsoho yana tafiya ne da lokutan salla da na aikin gida. Bayan asuba a kawo masa koko ko kunu, ko ɗumamen tuwon jiya. Da hantsi ya ɗaga, lokacin da ake kai wa masu noma fura a gona, a dama tasa a aje masa a inuwa, ya sha ya rufe da faifai, ya ƙara bayan azahar. Bayan magariba a fito da tuwon hatsi ko na dawa da miyar kuka ko kuɓewa zuwa ƙofar gida. A nan ake ciyayya: kowane magidanci a layin ya fito da akushinsa, a haɗa a ci tare. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ranar, ya zauna ya sa hannu, ba wanda zai ce masa uffan.

Wannan tsari yana da amfanin da ba a rubuta shi a ko'ina ba. Mai cin abinci cikin mutane ba ya iya ɓoye rashin lafiya. Idan dattijo ya yi loma biyu ya tsame hannu, abokan zamansa sun gani, gobe za a ce da 'ya'yansa su duba shi. Idan bai fito ba gaba ɗaya, za a tura yaro ya leƙa. Ciyayya ita ce likitar farko ta tsofaffi, kuma ba a biyan ko dala.

Amma tsarin ya dogara ne da hannuwa masu yawa. Fura ba ta faɗowa daga sama. Sai an sussuka hatsi, an surfa, an wanke, an daka ko an kai inji, an tankaɗe, an dafa, an kirɓa, sannan a nemo nono a dama. Kafin nan an je rijiya, an nemo itace. A lokacin da gandu ke haɗe, matan gida na karɓa-karɓa da wannan aiki. Yau a gidaje da yawa an raba tukunya. Matar ɗa guda ɗaya ce ke riƙe da yara biyar ko shida, ga gona, ga dabbobi, ga surukai biyu, mijinta kuma yana can wata ƙasa. Idan rani ya yi, ita ma tana iya tafiya aikin albasa a kwarin Tarka don samun na sabulu. Ranar da ta dawo a gajiye, furar hantsi takan koma ta la'asar. Ba mugunta ba ce, ƙarfi ne ya ƙare. Kuma duk wanda ya zauna a birni yana ɗora mata laifi, ya fara tambayar kansa rabonsa da ya aiko mata da kuɗin niƙa.

Sai kuma halin tsofaffin kansu. Dattijon Bahaushe ba ya cewa yana jin yunwa. Ka tambaye shi ta waya, amsar guda ce: lafiya lau, mun gode Allah. Kara da kunya ba za su bar shi ya kai ƙarar surukarsa ba, tausayi kuma ba zai bar shi ya tayar wa ɗansa hankali a baƙon wuri ba. Idan an kawo masa abinci jikoki suka kewaye shi, rabin akushin nasu ne. Tsohuwa ta fi shi ma. Ita ce ke ci a ƙarshe, kuma ɗan naman da aka sa mata takan ƙulle shi a gefen zane ta aje wa autan jika. Idan hatsi ya ja baya a rumbu, babba ne ke fara rage cikinsa, ya ce shi goro ya ishe shi.

Watannin da wannan ya fi tsanani sanannu ne, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, tiya kuma ta yi tsada a kasuwa. A nan ne ake ƙara wa fura ruwa, tuwon dare ya koma na kwana bibbiyu, a koma ga tafasa da yaɗiya da sauran ganyaye. Tsofaffin wannan yanki sun ga abin da ya fi haka. Sun ga farin 1973 da 1974, sun ga yunwar 1984, sun ga ta 2005 da ta 2010, wasunsu sun jiƙa anza kwana da kwanaki don cire ɗacinta kafin a ci. Wanda ya ga irin wannan ba ya ɗaukar rashin kalaci ɗaya a bakin komai. Sai dai jikin ɗan shekara 70 ba ya jure abin da ya jure yana ɗan 30.

Ya kamata matasa su san abin da tsufa ke yi wa ciki. Sha'awar abinci na raguwa, jin ƙishirwa ma na raguwa, shi ya sa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tsoho kan bushe bai nemi ruwa ba. Haƙora na zubewa, naman jiki na zagwanyewa idan ba a samun abinci mai gina jiki, daga nan sai jiri da faɗuwa da karaya. Wanda ke shan maganin ciwon suga kuma ya tsallake abinci yana iya sumewa, mutane su ce iska ce ta buge shi. Mai hawan jini da ake cika wa miya da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, maganinsa aikin banza yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Goro da shayi mai kauri kuwa suna kashe jin yunwa ne kawai, ba sa maye gurbin abinci.

A nan ma 'yan birni na da kuskuren da suke yi da kyakkyawar niyya. Idan za a yi wa iyaye tsaraba, sai a lodo buhun shinkafa da katan na taliya da suga da lemun kwalba, a ga an yi bajinta. Tsohon da ya yi shekara 60 cikinsa na aiki da hatsi da nono, an mayar da shi kan farar shinkafa da mai da yaji. Alhali abin da jikinsa ya fi buƙata yana nan kusa kuma ya fi araha: wake da aka dafa ya yi laushi, kunun gyaɗa, garin ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗon zogala, ƙwai, nono, ɗan kifi ko nama da aka daka a miya. Akuya guda mai ba da nono a bayan ɗakin tsohuwa ta fi mata katan goma na taliya.

Shi ma mai fansho da ya dawo gida bai tsira ba. Mutumin da ya yi shekaru aiki ne ke tsara masa lokacin karin kumallo da na abincin rana, rana ɗaya ya wayi gari ba inda za shi. Ya zauna a ƙofar gida daga safe zuwa azahar, shayi na bin shayi, abinci kuma sai lokacin da aka tuna. Fanshon da ake ganin nasa ne shi kaɗai, gida guda ke ci a ciki, har da 'ya'yan 'yan'uwa. Kafin wani ya shigo, an riga an ci bashi a kansa wurin mai kanti.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne darajar kuɗin da ake aikowa. Tun da Najeriya ta saki Naira a watan Yunin 2023, dalar Amurka da ake canzawa a hukumance kan Naira 460 da 'yan kai ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, ita kuwa Sefa tana nan ɗaure da Yuro. Ɗan Galma da ke aiki a Kano ko Legas yana turo adadin da ya saba, amma abin da ke isa hannun mahaifiyarsa ya ragu ƙwarai. Ga kuma rufe iyakoki da takunkumin da CEDEAO ta sa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda sai a Fabrairun 2024 aka ɗage shi, ya bar tsadar cimaka a baya. Duk mai aikowa da bai sake lissafinsa ba tun lokacin, ya sani cewa wani a gida ne ke cike giɓin da cikinsa, kuma galibi tsoho ne.

Ta ɓangaren hukuma da ƙungiyoyin agaji, an yi aiki babba a kan tamowar yara. Tun bayan yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da yara masu tamowa a Madawa, kuma tun 2006 gwamnati ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Wannan daidai ne, a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba. Amma kakar da ta goyo yaron zuwa likita, wa ya auna damtsenta? Takan zauna a bakin gado kwana da kwanaki, a sallami jikan ya murmure, ita ta koma gida da ramarta.

Akwai bashin da ƙasa ke ɗauke da shi na waɗannan mata. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da tallafin Italiya da hukumomin FAO da PAM, maza da yawa sun tafi bida, mata ne suka fi yawa a fagen aikin. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramukan tare ruwa a kan tsaunuka, suka dasa itatuwa, ana biyan su da abinci. Wadda take da shekara 25 a lokacin, yau ta haura 60. Gonakin da suka dawo da su ana nomawa har gobe. Bai dace matan da suka ciyar da yanki guda da wuyansu su ƙare rayuwa suna jiran ragowar tukunya ba.

Don haka muna kira ga hukumomin Madawa da Buza da Keita da su sa tsofaffi a cikin lissafi. Idan OPVN ta kawo cimaka mai rahusa, a ware wa tsofaffi layinsu, ko a yarda wakilin da mai gari ya tabbatar ya karɓar musu, domin mai sanda ba ya iya kokawar layi da samari. A shirye-shiryen tallafin kuɗi, irin wanda aka fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya ana ba gidaje jika 10 a wata, a fara duba gidajen da tsoho ke riƙe da jikoki ba wani mai ƙarfi. A ɗakunan shan magani na karkara, duk tsohon da ya shigo, ko rakiya ya yi, a auna nauyinsa da jininsa. Wannan ba ya buƙatar sabon gini. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi tun Janairun 2016, kuma kowace ranar 1 ga Oktoba ana jawabai a kan ranar tsofaffi ta duniya. Muna so mu ga jawaban sun sauko har cikin akushi.

Malamai da limamai su ma suna da rawar takawa. Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya haɗa kyautata wa iyaye da bautar Allah, ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. A tuna wa jama'a a huɗuba cewa shari'a ta sauwaƙa wa tsohon da azumi ke galabaitarwa ya ciyar a maimakonsa, domin da yawa suna matsa wa kansu saboda kunyar a ga suna ci. A kuma farfaɗo da ciyayya a unguwannin da ta mutu, har da ta tsofaffin mata, waɗanda yawanci a ɗaka suke ci su kaɗai.

Amma babban nauyin yana kanku, ku da ke karanta wannan a waya a Yamai ko Abijan ko Tarabulus. Ga abin da muke ba da shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfin mai ƙaramin samu.

Ku sayi hatsi da wake da kaka, a watannin Oktoba da Nuwamba lokacin da tiya ke da sauƙi, a aje da sunan tsofaffi, kada a taɓa sai damina. Kuɗin da zai sayi buhu a lokacin ba zai saye shi a watan Yuli ba. 'Yan'uwa su zauna, ko ta WhatsApp ne, a raba watanni, domin kada kowa ya aiko da salla a lokaci guda sannan a yi wata uku shiru. Ƙaramin saƙo da ke zuwa kan lokaci ya fi babba da ba a san ranar zuwansa ba.

Ku ware wani abu, ko jika ɗaya ne ko biyu, ku ce wannan na nono da niƙa da itace ne, ku damƙa shi kai tsaye a hannun matar da ke girkin. Ku gode mata da bakinku, ku yi mata zane idan kun samu. Ita ce ke riƙe da ran iyayenku a kullum. Idan aikin ya fi ƙarfinta, a nemi wata a dangi ko maƙwabta a riƙa ba ta wani abu ta taimaka.

Ku canza yadda kuke tambaya. Idan ka ce, “Baba, kuna lafiya?” ka riga ka san amsa. Ka ce, “Baba, me aka dama muku da safe? An samu nono a furar yau? Ku da wa kuka ci tuwo jiya?” Ki ce, “Inna, haƙorin nan yana barin ki cin wake kuwa?” Ku kira a lokacin cin abinci, ku nemi a ba ku jika ko ƙanwa ku ji ta bakinsu. Idan wayar mai hoto ce, ku dubi wuya da kumatu, ku dubi yadda riga ke zama a kafaɗa. Idan kun zo gida, ku bar fadar abokai na dare ɗaya, ku wanke hannu ku zauna a tabarmar tsoho ku ci abin da yake ci. A loma uku za ku san gaskiyar da shekara guda ta waya ba ta faɗa muku ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma gani ya kori ji.

A ƙarshe, ku tuna da kanku. Mafi yawan masu dako da tuƙa babur da tura baro da sayar da kaya a bakin titi ba su da rajista a kowane asusun fansho. Ranar da ƙarfi zai ƙare, Galma ko Tamaske ko Karofan za a dawo, a zauna a inuwar da Baba ke zaune yau. Yaran da ke kallon yadda ake kai wa kakansu abinci, su ne za su kawo muku naku, kuma abin da suka gani shi za su yi.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya da wadatar ci da sha, Ya dawo da matafiya gida lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya.